Yaƙi a maƙwabta: in kai Baba ziyara Jordan ko in fasa?

Assalamu alaikum. Mahaifina ya shafe shekaru yana koyar da tarihin Musulunci kafin ya yi ritaya. Tun muna yara yake ba mu labarin yaƙin Mu'uta da sahabban da suka yi shahada a can, kuma babban burinsa shi ne ya ga wurin da idonsa. Na daɗe ina tara kuɗi. Yanzu Allah ya hore, na shirya mu tafi Jordan ni da shi, mu ziyarci makwancin sahabbai, mu ga kogon da ake cewa na Ashabul Kahfi ne, mu ƙarasa Petra, tsohon birnin nan da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Ejan ɗin da ke shirya mana tafiyar ya ce farashi ya faɗi ƙwarai saboda mutane suna tsoro, kuma babu wata matsala a can, in daure in biya cikin makon nan.

Mahaifiyata ce ta ce sam ba ta yarda ba. Kullum tana ganin hotunan Gaza a waya, ta kuma ji cewa makaman da Iran da Isra'ila suka harba wa juna ta saman Jordan suka bi. Ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa ake shafa wa naka, ba matsar da shi ake yi kusa da wutar ba. Baba kuwa cewa ya yi ajali ko a kan gado yake samun mutum. Yana da ciwon suga da hawan jini. Yanzu maganar ta sa gidan ya yi tsit, kowa ni yake kallo. Shin yaƙin da ake yi a maƙwabta yana shafar baƙon da ya je ziyara? In biya ko in fasa?

Mai neman shawara

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya, ya ƙara wa Baba lafiya.

Kada ka biya cikin makon nan. Duk wanda ya ce maka ƙasar da ke tsakanin Siriya da Iraƙi da Isra'ila da Gaɓar Yamma da Kogin Jordan "babu wata matsala" a cikinta, sannan ya sa maka wa'adin biya, cinikinsa yake dubawa. Gaskiya ne farashi ya faɗi. Waɗanda suka shiga Petra sun haura miliyan ɗaya a 2023, a 2024 kuwa ba su kai rabin haka ba, otal-otal da dama a garin Wadi Musa da ke ƙofarta suka rufe. To, wanda kasuwarsa ta yi irin wannan faɗuwa ba zai rasa wurin da zai ba ka ba bayan mako uku. Gaggawar tasa ce, ba taka ba.

Amma ban ce ka fasa ba. Yaƙin maƙwabta yana taɓa baƙo, sai dai galibi ba ta inda Hajiya take hange ba.

Abin da take tsoro shi ne yaƙin ya tsallako iyaka ya same ku a tsakiya. Duba tarihin ƙasar na kusa. An mamaye Iraƙi a 2003. Siriya ta kama da wuta a 2011, har Jordan ta buɗe sansanin Za'atari a 2012 don 'yan gudun hijirar da suka yi ta kwararowa. Yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023. Cikin duk waɗannan ba a gwabza a titunan Amman ba, ba a rufe Petra saboda harbi ba. Jordan tana da yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila tun 1994, tana da ƙawance mai ƙarfi da Amurka, kuma hukumomin tsaronta ba sa wasa. Harin jirgi marar matuƙi da ya kashe sojojin Amurka uku a Janairun 2024 ya auku ne a can ƙuryar arewa maso gabas, cikin hamada, dab da iyakar Siriya, inda babu abin da zai kai mai ziyara. Mu'uta da Petra kudu suke, ɗaruruwan kilomita daga can. Kusanci a taswira bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne ko gwamnatin ƙasar tana riƙe da iyakokinta, da kuma ko ita kanta tana cikin masu faɗan.

Inda Hajiya take da gaskiya shi ne sama. A daren 13 ga Afrilun 2024 Iran ta harba wa Isra'ila jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami sama da 300. Jordan ta rufe sararin samaniyarta, ta kuma kakkaɓo wasu daga cikinsu, washegari da safe ta buɗe. Ranar 1 ga Oktoba na shekarar aka sake. A Yunin 2025 aka yi kwana 12 ana musayar wuta, jiniya tana kaɗawa a Amman, ana rufe sama ana buɗewa. Abin da aka harbo dole ya faɗo wani wuri. Tarkace sun faɗa a wasu unguwannin Jordan, an samu waɗanda suka ji rauni, kuma a harin Oktoba ɓaraguzan makami sun kashe wani Bafalasɗine a Yariko, tsallaken kogin Jordan kaɗan. Don haka ba ƙarya ba ne mutum yana iya mutuwa a yaƙin da ba nasa ba. Sai dai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 11, waɗanda abin ya taɓa jikinsu 'yan ƙalilan ne, kuma dokar da hukuma take bayarwa mai sauƙi ce: in jiniya ta kaɗa a shiga gini, a nisanci taga, kada a hau rufi ɗaukar bidiyo, kada a taɓa abin da ya faɗo.

Wanda ya fi yawan samun baƙi, wanda kuma babu wanda ya ambata a gidanku, shi ne maƙalewa. A nan nake so ka tsaya ka yi lissafi da kyau. Ka ɗauka kun gama ziyara lafiya, jirginku gobe ne, sai cikin dare aka rufe sama. Ko da an buɗe bayan awa goma, jiragen da aka soke sun tara dubban fasinjoji, kuma wasu kamfanoni, musamman na Turai, sukan dakatar da zuwa Amman na kwanaki ko makonni bayan an buɗe, don su ma ba su manta ba. Jirgin Malesiya da aka harbo a gabashin Yukren a Yulin 2014 ya tafi da mutum 298, na Yukren da aka harbo kusa da Tehran a Janairun 2020 ya tafi da 176. Tun daga nan kamfanoni suka gwammace su soke tashi da su yi ganganci, kuma wannan taka-tsantsan ɗin ne yake kare ka a sama, shi ne kuma yake barin ka zaune a otal. Ba ma sai a Jordan abin zai same ka ba. Ranar 23 ga Yunin 2025 Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka na Al-Udeid, Katar ta rufe samanta na wasu sa'o'i, matafiyan da Doha zango ce kawai gare su suka tsinci kansu a ciki. Saboda haka ka tambayi ejan ta ina za ku bi, a ina za ku sauya jirgi.

Saurayi mai lafiya in ya maƙale kwana biyar, asarar kuɗi ce da ɓacin rai. Dattijo mai ciwon suga wanda ya ƙirga maganinsa daidai kwanakin tafiya, wannan wani zance ne daban. Tambayar da ta fi "akwai haɗari ko babu" amfani gare ka ita ce: in kwana takwas suka koma goma sha takwas, za mu iya? Akwai maganin Baba na ƙarin mako biyu a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba? Akwai takardar likita da ke ɗauke da ainihin sunayen magungunan, yadda kowane mai sayar da magani a Amman zai gane? In allurar insulin ake yi masa, yaya za ku adana shi cikin sanyi a kan hanya? Akwai kuɗin otal da abinci na waɗannan kwanaki, har da na sabon tikiti in ta kama, a ajiye gefe, wani a kati wani a dinarin Jordan a hannu? In kuɗin da ka tara iyakarsa kuɗin tafiya ne cif, to ba ka gama tari ba tukuna. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗagewa, ko da ba a harba ko tsinke ba.

Mutane sukan ce ai akwai inshora. Karanta takardar kafin ka dogara da ita. Yawancin inshorar tafiya tana cire duk asarar da yaƙi ya jawo, ko an ayyana yaƙin ko ba a ayyana ba, kuma da yawa ba sa biyan komai in ka shiga yankin da hukuma ta yi gargaɗin kada a je. Akwai kuma wani tarko da ya shafi Baba kai tsaye: ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, in ba a bayyana shi ba lokacin saye, kamfani yana iya ƙin biyan kuɗin asibiti. Ka saye ta duk da haka, don faɗuwa a kan dutse ko tashin hawan jini ba ruwansu da yaƙi. Amma ka rubuta musu tambaya ƙarara, su amsa a rubuce: in an rufe sama saboda harbe-harbe, me za ku biya? Haka za ka yi wa ejan. In gwamnati ta rufe sama kafin mu tashi, nawa za ka maido? In mu muka fasa don tsoro, nawa? Wanda ya ce "kada ka damu, za mu san yadda za a yi" bai ba ka amsa ba. Tikitin da ake iya sauya ranarsa ya fi tsada, otal ɗin da ake iya sokewa kyauta ma haka. A irin wannan tafiya su ne masu araha.

Akwai hanyoyin fita da ba na sama ba. Jirgin ruwa yana tashi daga Akaba zuwa Nuwaiba a Masar, akwai kuma iyakokin ƙasa zuwa Saudiyya. Amma kowacce tana buƙatar izinin shiga ƙasar da za ka faɗa, kuma wannan ya danganta da fasfon da kake riƙe da shi. Ka bincika tun kana gida, ka kuma nemi lambar ofishin jakadancin ƙasarku da ke kula da Jordan. Kada ka sa rai za a aiko jirgi a kwashe ku. Waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 sun ga yadda kwashe mutane yake ɗaukar lokaci, wasu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar.

Sai harin ɗaiɗaiku, wanda ba zan ɓoye maka ba tunda ya taɓa hanyar da za ku bi. Yaƙi a maƙwabta yana haifar da masu ɗauke da makami da aƙidar kisa, wani lokaci kuma sukan tsallako. A Nuwamban 2005 ƙungiyar Alƙa'ida ta Iraƙi ta tayar da bama-bamai a otal uku a Amman, mutum kusan 60 suka mutu, da yawansu 'yan biki ne. A Disambar 2016 'yan bindiga suka kashe aƙalla mutum 10 a Karak, har da wata 'yar yawon buɗe ido daga Kanada, kuma Karak ita ce babban garin da ke kusa da Mazar, inda makwancin Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha suke. A Nuwamban 2019 wani ya daɓa wa mutum takwas wuƙa a Jarash. Ga su nan, ka ji su. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakaninsu, da miliyoyin baƙin da suka shiga suka fita cikin waɗannan shekaru. Irin wannan hari an kai shi a Paris da Landan da Istanbul. Ba shi da ranar da za ka kauce masa, don haka ban ga hikimar gina shawara a kansa ba, sai in an ga yana maimaituwa cikin ɗan lokaci, alamar tsaro ya fara sakwarkwacewa.

Abin da ke hannunka shi ne halinka a titi. Da yawan mutanen Jordan asalinsu Falasɗinawa ne, abin da ke faruwa a Gaza ciwo ne a cikin gidajensu. Ana zanga-zanga, musamman bayan sallar Juma'a a tsakiyar Amman wajen masallacin Husaini, da kuma unguwar Rabiya inda ofishin jakadancin Isra'ila yake. Na san zuciyarka tana iya kasancewa tare da masu zanga-zangar. Duk da haka kai baƙo ne da dattijo a hannu. Ku yi Juma'arku a wani masallacin unguwa, ku koma masauki. Kada ka ɗauki hoton soja, ko shingen bincike, ko wani abu da ka ga yana wucewa a sama. Ƙasar ta yi sabuwar dokar laifukan intanet a 2023 mai tsauri, saboda haka sharhin siyasa a Facebook ya jira har ka dawo. Lambar agajin gaggawa a can 911 ce.

Ni a ganina ma abin da ya fi barazana ga Baba a wannan tafiya ba ya fitowa a labarai. Daga ƙofar Petra zuwa shahararren ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse tafiyar kusan kilomita biyu ce, dawowa kuma hawa ne. Can ƙarshe akwai wani ginin da sai an taka matakala wajen 800, wannan kam ka hana shi ko da ya nace. Ku guji tsakiyar lokacin zafi na can. In damina ce ta can, wato lokacin sanyi, ku saurari gargaɗin ambaliya, don a Nuwamban 2018 sai da aka kwashe dubban baƙi daga Petra saboda ruwa. Daga Amman zuwa Petra kusan awa uku ne a mota ta babbar hanyar hamada mai yawan manyan motoci, kada ku bi ta da dare. Kafin komai, likitan Baba ya duba shi ya ce zai iya.

Game da inda za ka samu labari, daina auna ƙasa da bidiyon WhatsApp, ka daina kuma auna ta da bakin mai sayar da tikiti. Ma'aikatun harkokin waje na Birtaniya da Amurka suna wallafa gargaɗin tafiya ga kowace ƙasa, kowa yana iya karantawa. Na Amurka mataki huɗu ne, daga na ɗaya mai cewa a yi hattara kamar kullum zuwa na huɗu mai cewa kada a je. Don 'yan ƙasarsu suke rubutawa, kuma wani haɗarin nasu ne su kaɗai, amma amfaninsu shi ne suna rarrabe yanki da yanki. Shekaru da dama gargaɗin kada a je na Jordan ya fi tsayawa kan 'yan kilomitocin da ke dab da Siriya da gabas wajen Iraƙi. Ka duba ranar da aka sabunta shafin. Alamu biyu sun fi kowace magana ƙarfi: in ƙasashe suka fara janye iyalan ma'aikatan jakadancinsu, ko manyan kamfanonin jirage suka soke zuwa Amman, kada ka tsaya neman fassara.

Yanzu maganar Baba, cewa ajali ko a kan gado. Gaskiya ne, kuma ba kai za ka koya wa malamin tarihi tauhidi ba. Amma cikin ladabi kana iya tambayarsa labarin da ya fi ka sani. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarag aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce masa, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida ɗin nan a annobar ya rasu, kabarinsa kuma yana kwarin Jordan, watakila ma yana cikin wuraren da Baba yake so ya tsaya. Bar shi ya ba ka labarin da bakinsa. Ba don ka ci shi da hujja ba, sai don ku yarda tun yanzu cewa juyawa a bakin hanya ba raunin imani ba ne, ta yadda in ranar ta zo ba sai an yi jayayya a filin jirgi ba.

Ita kuwa Hajiya, ina zargin ba a zauna da ita ba, sanar da ita aka yi. Mijinta da ɗanta za su hau jirgi ɗaya zuwa yankin da take ganin gawarwakin yara daga cikinsa kullum, ita kuma a bar ta da waya a hannu. Tsoronta ba jahilci ba ne. Kada ka je mata da "ai ba ki gane ba ne". Buɗe mata taswira ta ga inda Gaza take, inda Amman take, inda Mu'uta take. Faɗa mata abin da na faɗa maka, har da marar daɗin, don in ka ɓoye Karak ta ji daga baya a bakin wani, ba za ta sake yarda da sauran ba. Sannan ka ba ta wani abu a hannu: ita ma tana cikin masu sa sharaɗi. Ku rubuta, ku uku, abubuwan da in ɗaya ya faru kafin ranar tashi an ɗage ba gardama. In aka koma musayar makamai tsakanin Iran da Isra'ila. In aka ɗaga gargaɗin ƙasar gaba ɗaya. In kamfanin jirginku ya soke. In likita ya ce a dakata. Ka ba ta sunan kowane masauki da lambarsa, ku tsayar da lokacin kira safe da dare, ka kuma gaya mata tun yanzu cewa akwai wuraren da waya ba ta kamawa, kada shirun awa uku ya tayar mata da hawan jini ita ma.

Wani abu kuma: ka sauke kayan da ba naka ba. Kai ne mai biyan kuɗi, amma saɓanin tsakanin miji da mata ne da suka yi shekaru suna warware irinsa tun kafin a haife ka. Kada ka zama ɗan aike mai kai maganar wannan ga wancan. Ka kawo bayanin, ka ce ka shirya a tafi in sun daidaita, ka shirya a jira in sun ce a jira, sannan ka tashi ka ba su wuri. In akwai wani babba da dukansu suke jin nauyinsa, ƙanin Hajiya ko aminin Baba, ba laifi ya sa baki.

In ka tambaye ni me zan yi a matsayinka: in an samu wasu makonni sama tana buɗe, jirage suna zuwa yadda suka saba, kuɗin ko-ta-kwana ya cika, likita ya amince, zan kai shi, in kuma fara da Mu'uta a kwana na biyu, ba in bar ta ƙarshe ba, ta yadda ko an katse tafiyar ya riga ya ga abin da ya zo gani. In Hajiya ta ji duka ta ce har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ka nemi ta sa wata, ko bayan wata huɗu ko shida, da za a sake zama a duba. Kuɗin kuma ka kulle su a asusu daban da sunan tafiyar, Baba ya san suna nan, kada wata hidimar gida ta lashe su kafin lokacin.